Me ya sa nisan birane biyu a sama yake saɓa wa nisansu a hanyar mota?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da wata tambaya da nake fatan masana labarin ƙasa da waɗanda suka saba da doguwar tafiya za su warware mini. Duk lokacin da mutum ya nemi sanin nisan da ke tsakanin birane biyu a intanet, ba a ba shi amsa guda, sai a jero masa alƙaluma biyu ko uku waɗanda ba su yi kama da juna ba. Tsakanin Landan da Paris, alal misali, wani shafi ya ce 344, wani ya rubuta 214, manhajar taswira kuma ta nuna abin da ya haura kilomita 450 ga wanda zai tafi da mota. Tsakanin Legas da Abuja an ce kimanin kilomita 535 ne a sama, amma a ƙasa wajen 750. Tsakanin New York da Los Angeles kuwa, duk da tsawon tafiyar, giɓin bai taka kara ya karya ba idan aka dubi girman nisan, domin kimanin kilomita 3,940 ne a sama, a ƙasa kuma kimanin 4,500.

Na san hanyar mota ba ta miƙewa sak, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya shige mini duhu shi ne yadda ake auna nisan saman shi kansa, daga ina zuwa ina, da kuma dalilin da ya sa a wani wuri hanyar mota take ƙara fiye da sulusin nisan, a wani wuri kuma abin da take ƙarawa bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Shin akwai wata ƙa'ida da mutum zai bi ya fitar da nisan hanya idan ya san nisan sama? Kuma wanne ya kamata a dogara da shi yayin da ake shawarar ko a hau jirgi ko a bi ƙasa? Allah ya ba da ikon amsawa.

Malamin Labarin Ƙasa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da mafi sauƙi, wato 344 da 214 da ka gani tsakanin Landan da Paris. Nisa ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta. Na farko kilomita ne, na biyu mil, kuma mil ɗaya daidai yake da kilomita 1.609. Ingila da Amurka har yanzu da mil suke rubuta nisa a allunan hanyoyinsu, saboda haka shafukan da aka tsara domin mutanensu da mil suke ba da amsa. Akwai ma ma'auni na uku, mil ɗin teku, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, kuma da shi matuƙa jiragen sama da na ruwa suke aiki. Da wannan ma'aunin, nisan nan dai na Landan da Paris zai koma 186. Don haka kafin a zargi wani shafi da kuskure, a fara duba ma'aunin da ya yi amfani da shi.

Abu na biyu shi ne wurin da aka kafa ma'aunin. Birni ba ɗigo ba ne, yana iya mamaye kilomita da yawa ta kowace fuska, dole a zaɓi wuri guda a cikinsa a ce daga nan za a fara awo. A Landan an saba aunawa daga mahaɗar hanyoyi ta Charing Cross da ke tsakiyar birnin, a Paris kuma daga wata alama da ke dandalin gaban majami'ar Notre-Dame. Kamfanonin jirage kuwa daga filin jirgi zuwa filin jirgi suke lissafi, alhali filin Heathrow yana wajen kilomita 24 yamma da tsakiyar Landan, na Charles de Gaulle kuma wajen kilomita 25 arewa maso gabas da tsakiyar Paris. Wannan ne ya sa shafuka biyu za su iya yin gaskiya dukansu amma alƙalumansu su saɓa da kilomita goma ko talatin.

Yanzu ga ainihin maganar. Abin da ake kira nisan sama ba nisan da jirgi ya ci ba ne, lissafi ne na hanya mafi gajarta a kan doron duniya tsakanin wurare biyu. Tun da duniya tana da siffar ƙwallo, hanya mafi gajarta a kanta wani yanki ne na abin da masana suke kira babbar da'ira, wato da'irar da idan aka yanka duniya a kanta za a raba ta gida biyu daidai wa daida. Wanda yake da ƙwallon taswirar duniya zai iya gwadawa da kansa: ya ɗora bakin zare a kan birni ɗaya, ya ja shi har ya yi tsam a kan ɗayan, inda zaren ya kwanta nan ce hanyar. Abin mamakin shi ne idan aka mayar da wannan layi kan taswirar takarda, sai a ga ya lanƙwashe. New York da Madrid kusan a layi ɗaya suke daga yamma zuwa gabas, dukansu sun ɗan haura digiri 40 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, don haka mai kallon taswira zai ɗauka a fuskanci gabas sak kawai. Wanda ya yi haka zai ci kimanin kilomita 5,940. Wanda ya fara karkata arewa maso gabas sannan ya gangaro daga baya zai ci kimanin 5,770, ya rage wajen kilomita 170. Laifin na taswirar ne. Irin wadda aka fi sabawa da ita, wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569, an yi ta ne domin sauƙaƙa wa masu tuƙin jirgin ruwa riƙe alƙibla guda, kuma tana buɗa yankunan da ke kusa da ƙarshen arewa da na kudu fiye da yadda suke. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga New York zuwa Tokyo yake bi ta saman Kanada da wajen Alaska, kuma da lissafin nan ne aka gano cewa alƙiblar mai salla a New York arewa maso gabas take, ba kudu maso gabas ba kamar yadda taswira take nunawa.

Idan biranen ba su yi nisa ƙwarai ba, mutum zai iya yin lissafin da biro da takarda. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, idan aka raba shi gida 360 kowane digiri zai ba da kilomita 111. Daga kudu zuwa arewa wannan adadi kusan ba ya canzawa. Daga yamma zuwa gabas kuwa yana raguwa gwargwadon yadda aka nisanci layin da ya raba duniya arewa da kudu, har ya koma rabi a digiri 60. Abuja tana arewa da Legas da kimanin digiri 2.6, wato kilomita 290, tana kuma gabas da ita da kimanin digiri 4.1, wato wajen kilomita 450. Idan ka ninka kowane adadi da kansa, ka haɗa su, ka nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da jimillar, bisa ƙa'idar Pythagoras da ake koyarwa a sakandare, za ka samu 535 ɗin nan da ka gani.

Game da ƙa'idar da ka tambaya, abin da aka saba yi shi ne a ƙara kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari a kan nisan sama domin a ƙiyasta nisan hanya. Landan da Paris sun faɗa a tsakiya, Legas da Abuja suna can ƙarshen sama. New York da Los Angeles sun gaza kashi 20 ɗin ma, domin manyan hanyoyin Amurka suna ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai faɗin gaske a tsakiyar ƙasar, kuma idan tafiya ta yi tsawo, ɗan zagayen da ake yi nan da can yakan ɓace a cikin jimilla.

Mai Jigilar Kaya ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam basira, bayanin nisan sama ya fita sarai. Sai dai ina da ja a kan ƙa'idar ƙarin kashi 20 zuwa 40, domin wanda ya ɗauke ta ya tsara tafiya ko ya yanke kuɗin ɗaukar kaya da ita, wata rana zai yi da-na-sani. Tana aiki ne kawai inda ƙasa ta haɗe, hanyoyi suka wadata, iyakoki kuma suke a buɗe, kuma ba ko'ina ne waɗannan abubuwa uku suke haɗuwa ba.

Ba domin ta gajarta ake gina hanya ba. Ana gina ta ne domin ta ratsa garuruwan da ke da jama'a da kasuwanci, ta kauce wa tsauni da fadama, ta kuma nemi inda kogi zai karɓi gada. Hanyar da aka fi bi daga Legas zuwa Abuja tana bi ta Ibadan, Akure, Owo, Okene da Lokoja, kuma dole ta tsallake kogin Neja a inda gada take, ba a inda layin Malam ya ratsa ruwan ba. A ƙasa mai tsaunuka abin ya fi haka, domin mota mai nauyi ba ta iya hawan tudu kai tsaye, sai hanyar ta yi ta kwana tana komowa, a ci kilomita goma alhali a taswira ba a matsa uku ba.

Ruwa ne babban mai karya ƙa'idar. Helsinki da Tallinn, manyan biranen Finland da Estoniya, tazarar kilomita 80 ce kawai tsakaninsu, jirgin ruwa yana tsallakawa cikin kimanin awa biyu. Wanda ya ce lallai sai tayarsa ta taka ƙasa daga farko har ƙarshe, sai ya zagaya ta birnin St Petersburg na Rasha, tafiyar da ta haura kilomita 700, kuma tun ƙarshen 2023 da Finland ta rufe mashigunta na ƙasa da Rasha wannan zagayen ma ya toshe. Kinshasa da Brazzaville suna kallon juna, kogin Kongo ne kawai a tsakani, amma babu gada, sai fito. Akwai kuma inda tambayar nisan hanya ba ta da amsa gaba ɗaya. Babbar hanyar da ta ratsa nahiyar Amurka ta yanke a dajin Darien tsakanin Panama da Kolombiya, inda aka bar wajen kilomita 100 babu titi, don haka ba a tuƙa mota daga birnin Panama zuwa Bogota. Birnin Iquitos na ƙasar Peru, mai ɗaruruwan dubban mutane, ta sama ko ta kogi ake shigarsa. Siyasa ma tana yin abin da kogi yake yi: iyakar ƙasa tsakanin Aljeriya da Maroko a rufe take tun 1994, garuruwan da ke maƙwabtaka da juna sun zama kamar suna nahiyoyi biyu.

Saboda haka nisan hanya ba tabbataccen adadi ba ne kamar na sama, yana canzawa ranar da aka buɗe wata gada ko aka rufe wata iyaka. Kafin 1986 ba a zuwa Bahrain daga Saudiyya da mota, sai da aka buɗe gadar Sarki Fahd mai tsawon kilomita 25. Gadar Senegambiya da aka buɗe a 2019 a kan kogin Gambiya ta raba direbobin da ke tafiya tsakanin Dakar da Ziguinchor, biranen Senegal, da zaman jiran fito, wanda a da yakan cinye wa manyan motoci kwanaki. Misalin da ɗan'uwa mai tambaya ya kawo na Landan da Paris ma akwai abin lura a cikinsa. A cikin kilomita 450 da 'yan kai ɗin nan, akwai wajen 50 da mota ba ta taka ba, domin ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, wanda aka buɗe a 1994, na jirgin ƙasa ne. A Folkestone ta Ingila ake loda motoci a tarago, a sauke su kusa da Calais ta Faransa bayan kimanin minti 35.

Abin da muka fi damuwa da shi a sana'armu shi ne awa nawa, ba kilomita nawa ba. Kilomita 300 a kan tagwayen hanya mai kyau awa uku ne da ɗan ɗoriya, amma kilomita 300 a hanya mai ramuka da shingayen bincike da cunkoson cikin garuruwa yana iya cinye yini. Manhajar taswira ma ba hanya mafi gajarta take fara nuna maka ba, wadda take ganin ta fi sauri take nunawa, shi ya sa adadin yakan canza tsakanin safe da yamma. Lokacin da take bayarwa kuma na tuƙi ne zalla, ba ta sa tsayawar shan mai, cin abinci, ko layin kwastan da na jami'an shige da fice a kan iyaka. Idan ta ce New York zuwa Los Angeles awa 40 da wani abu ne, ba tana nufin kwana biyu ba ne. A Tarayyar Turai doka ta taƙaita tuƙin direban babbar mota ga awa 9 a yini, tare da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma ni a ganina wannan ne gwargwadon da jikin ɗan Adam yake ɗauka ko a ina yake. Da wannan lissafin, tafiyar kwana biyar ce. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji magabata, kuma direban da ya zaɓi zagaye mai kyau ya bar yanke mai haɗari yakan riga mai yanken isa.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Alhaji, Allah ya saka da alheri. Magana ɗaya a bayanin Malam ta tsaya mini, inda ya ce nisan sama ba shi ne nisan da jirgi ya ci ba. Idan babu kogi babu tsauni a sama, me zai hana jirgi bin layin sak? Sannan na lura a jadawalin jirage cewa zuwa Los Angeles daga New York ya fi dawowa daɗewa, alhali nisan bai canza ba. Wani ya ce mini juyawar duniya ce take kawo haka, ban san ko maganar tana da tushe ba.

Ma'aikaciyar Sufurin Sama ta amsa:

Malam Mai Neman Sani, sama ma tana da hanyoyinta, ido ne kawai ba ya ganinsu. Jirgin fasinja ba ya tashi ya nufi inda ya ga dama. Kafin ya bar ƙasa ana miƙa tsarin tafiyarsa ga masu kula da zirga-zirgar jirage, kuma tsarin yana bi ne ta wasu sanannun wurare da aka sa wa sunaye a taswirar sama, daga wannan zuwa wancan. Jirgi yana tashi da sauka ne yana fuskantar iska, saboda haka wanda zai tafi gabas yana iya tashi ya fuskanci yamma, sai ya yi sama sannan ya juyo. Idan filin da zai sauka ya cika, a sa shi ya yi ta kewaye yana jiran layi. Idan akwai hadari mai tsawa a gabansa ya zagaye shi, haka ma wuraren da sojoji suka keɓe. Duk waɗannan suna ƙara nisa a kan adadin da Malam ya lissafa, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da jirgi zai iya ci.

Batun zuwa da dawowa kuwa, iska ce. Juyawar duniya ba ta janye ƙasa daga ƙarƙashin jirgi, domin iskar da jirgin yake ciki tare da duniyar take juyawa. Abin da yake faruwa shi ne a tsayin kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen fasinja suke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfi da take kwarara daga yamma zuwa gabas, wadda gudunta yakan haura kilomita 200 a awa, musamman lokacin hunturu. Jirgin da yake gudun kilomita 850 a awa, idan wannan iska tana bayansa tana tura shi, gudunsa a kan ƙasa yana iya wuce 1,000, idan kuma yana fuskantarta sai ya ragu. Shi ya sa New York zuwa Los Angeles yake ɗaukar kimanin awa shida, dawowa kuma biyar da 'yan mintoci ko da rabi. A watan Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways ya tashi daga New York ya sauka a Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi cikin sama da awa shida. Saboda wannan iska, hanyoyin da jirage suke bi a saman arewacin tekun Atlantika kullum ake sake tsara su, masu zuwa gabas su shiga cikinta, masu zuwa yamma su kauce mata, ko da kaucewar za ta ƙara kilomita. Kamfanin jirgi yawan man da za a sha da lokaci yake ƙirgawa, kuma sau da yawa hanya mai tsawo ta fi araha.

Abin da Alhaji ya faɗa game da iyakokin ƙasa yana nan a sama ma, domin kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta. Tun da Rasha ta rufe nata ga mafi yawan jiragen Turai a 2022, tafiyar jiragen Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kimanin awa 9 zuwa kimanin awa 13, alhali biranen suna nan inda suke. Daga 2017 zuwa farkon 2021 jiragen Qatar sun riƙa zagaye sararin Saudiyya da na wasu maƙwabta saboda takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar. A watan Agustan 2023, da Nijar ta rufe sararinta bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sun koma bin doguwar hanya.

Sai kuma abin da yake rubuce a tikiti, wanda shi ne ya fi rikita matafiya. Lokacin da ake rubutawa yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya bar wurin da ya ɗauki fasinja har ya tsaya a wurin da zai sauke su, wato har da tafiyarsa a ƙasa zuwa titin tashi da jiran izini. A gajeriyar tafiya jirgi ba ya daɗewa a cikakken gudunsa, yana gama hawa ya fara shirin sauka. Wanda ya raba nisan Legas da Abuja da gudun jirgi zai samu abin da bai kai minti 40 ba, amma tikiti awa ɗaya da 'yan mintoci yake nunawa. Kuma kowane lokaci da agogon garin da ake magana a kansa ake rubuta shi. Agogon New York yana gaban na Los Angeles da awa uku, saboda haka jirgin da ya tashi ƙarfe 8 na safe zai sauka wajen ƙarfe 11 na safe a agogon can, mutum ya ɗauka awa uku ya yi alhali shida ne. A dawowa kuma, tashin ƙarfe 8 na safe sai ya kai ka bayan ƙarfe 4 na yamma, ka ɗauka ka yi awa takwas.

Matafiyiya ta amsa:

Malamai sun gama da batun awo, ni kuma zan taɓa tambayarka ta ƙarshe ne, ɗan'uwa, wato wanne za a dogara da shi wajen zaɓe tsakanin jirgi da mota. A ganina babu ko ɗaya daga cikin alƙaluman biyu da ya isa shi kaɗai. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne lokacin da za ka ɗauka daga ƙofar da ka fito zuwa ƙofar da za ka shiga. Tafiyar jirgi tana da wani lokaci da ba ya raguwa komai kusancin garin: zuwa filin jirgi, isa da wuri domin tantancewa da binciken kaya, jiran kaya bayan sauka, sannan shiga gari daga filin da yakan kasance a bayan gari. Filin Narita, alal misali, yana wajen kilomita 60 daga tsakiyar Tokyo. Idan aka haɗa waɗannan, da wuya su gaza awa uku, kafin a sa lokacin tashin shi kansa.

Shi ya sa tsakanin Landan da Paris, inda jirgi yake yin awa ɗaya da kwata a tikiti, tafiyar daga gida zuwa masauki takan kai awa huɗu ko biyar, alhali jirgin ƙasa na Eurostar yana ɗaukar mutum daga cikin gari ya ajiye shi a cikin gari a awa biyu da minti ashirin ko ƙasa da haka kaɗan, ban da lokacin duba fasfo. Faransa ta mayar da wannan lissafi doka a 2023, inda ta hana wasu jiragen cikin gida a hanyoyin da jirgin ƙasa yake isa cikin ƙasa da awa biyu da rabi, abin da ya shafi tashi daga filin Orly na Paris zuwa Nantes, Lyon da Bordeaux. Idan nisan hanya bai wuce kilomita 300 ko 400 ba kuma hanyar tana da kyau, da wuya jirgi ya riga mota da wani abin kirki. Idan ya haura kilomita 1,000 kuwa, babu gasa ta fuskar lokaci.

Wahalar zaɓi tana tsakiya ne, a tafiya irin ta Legas da Abuja, kuma a nan abubuwan da ba a aunawa da kilomita su ne suke yanke hukunci: lafiyar hanya da tsaronta, ko za a iya isa kafin dare, yawan jinkiri ko soke tashin jirage a wannan layin, da nauyin kayan da za a ɗauka. Yawan matafiya ma yana shiga lissafi, domin kuɗin man mota ɗaya ne ko mutum ɗaya ne a ciki ko huɗu, tikitin jirgi kuwa kowane kai da nasa. Wanda zai ƙiyasta man da zai sha, da nisan hanya zai yi aiki, ya kuma ƙara wani abu a kai saboda cunkoso da zirga-zirgar cikin gari. Ƙa'idar Malam ta kashi 20 zuwa 40 tana da amfani wajen gane adadin da ba shi da kan gado, domin idan wani shafi ya ba ka nisan hanya da ya gaza na sama, to ko dai ɗaya mil ne ɗaya kilomita, ko kuwa wani gari mai irin wannan sunan aka auna maka, kamar Paris ta jihar Texas ko Landan ta lardin Ontario a Kanada.